Yayen Zara a Gidan Adda Dije

Akwai wata mata a unguwar Briqueterie a zamanin Shugaba Ahidjo, ana ce mata Adda Dije. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta Njidda yana da shanu biyu a wajen Etoudi, kullum da safe yakan kawo madara da ɗuminta.

Da maƙwabciyarta Hansai ta tashi yaye ɗiyarta Zara, ba ta kai ta wajen kaka ba. Wajen Dije ta kai ta.

Dije ta riƙe yarinyar da hannu biyu. Madarar farko ita take ba ta, ɗanya, don a gidansu ta taso ta ji cewa in madara ta taɓa wuta, hantsar saniya za ta ƙafe.

Kwana shida, zawo da zazzaɓi suka kama Zara. A asibiti aka yi ta mata allura har kwana uku, jiki sai ƙara lalacewa yake. Likita ya tambayi abin da take ci, Dije ta ce kunu.

Ta dawo gida ta tsare mijinta.

"Malam, allurar nan da kake saya a kasuwa kana yi wa saniya rabi-rabi, kwalbarta ta yi kama da ta asibiti."

"Ke dai yi shiru. So kike a ce mun kashe ɗiyar mutane?"

"In na yi shirun ne za mu kashe ta."

Ta ɗaure kwalbar a bakin zane ta koma asibiti. A gaban Hansai ta ajiye ta kan teburin likita, ta faɗi komai, har ƙaryar kunun.

Likita ya juya kwalbar ya karanta. Ya ce, "Voilà, ga dalilin nan. Irin maganin da muke ba ta ke nan. Ƙwayoyin cutar sun saba da shi tun a jikin saniya, rabin allura bai kashe su ba, horar da su ya yi. Suka biyo madara."

Ya canja magani. Zara ta jima kafin ta miƙe, amma ta miƙe.

Matan unguwa suka zuba ido su ga faɗa. Dije kuwa ta daina fita ko famfo.

Ranar Juma'a sai ga Hansai ta yi sallama, yarinya a baya, sabuwar tukunya a hannu.

"Adda, yaye bai ƙare ba. Ga ɗiyarki, ga tukunya. In saniyar ta yi fushi, ki turo ta wajena."

Dije ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta hura wuta.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta kashe ƙwayar cuta, tafasawa ke kashe ta. A dafa madara, kada a yi wa dabba allura da ka. In kuskure ya faru, a faɗi gaskiya tun rai na hannu. Ku tura wa duk gidan da ake shan madara.