Ruwan Zuma da Ragamar Malam Nomau

Ga ta nan na kawo muku, amma wanda ya zo don dariya ya ajiye haƙoransa tukuna, zai buƙace su wajen gardama in na gama. Kai mai gyangyaɗi a ƙarshen benci, har da kai.

A wani gari da ake kira Kwarin Gawo an yi wani dattijo, Malam Nomau, wanda kowa ya sani da Mai-Kuru. Kuru, don amfanin waɗanda suka tashi a bayan babur, shi ne ɗan ƙaramin dokin nan da ko ya tsufa ba ya wuce ƙugun mutum. Kakan Malam Nomau ya kiwata su, ubansa ya kiwata, shi ma ya shekara arba'in yana yi. Abin da suke gada hannu da hannu wata tsohuwar ragama ce ta fata, duk ta yi baƙi don maiƙon tafi. Wanda ragamar ke hannunsa shi ne Mai-Kuru, ko da kuwa bargarsa kaji ne ke kwana a ciki.

Tsohon yana da wata magana da ya maimaita har 'ya'yansa suka haddace ta kamar Fatiha. Ya ce kuru na gari cikakken doki ne da Allah ya rage wa girma bai rage masa komai ba: kai daidai wuya, wuya daidai ƙirji, gadon baya a miƙe, ƙafafu huɗu kamar an dasa su, haƙoran sama su sauka kan na ƙasa. In ka hango shi a fili inda babu abin da za ka gwada tsayinsa da shi, sai ka rantse ingarma ne. Wadan doki kuwa daban yake. Shi tauye shi aka yi: ƙaton kai, goshi a kumbure, wuya kamar an manta ba a sa ba, ciki kamar tulu, ƙafafu a lanƙwashe.

Su kuma masu dawakin Kwarin Gawo suna da wata al'ada. Ba a faɗin aibin doki a gaban turkensa mai shi yana tsaye. In an kira ka dubiya ka ga abin ba ya kallo, sai ka nemi abin yabo ka yaba, kuma ko jaki ba ya rasa gashi. Saboda haka in masani ya zagaya dokinka sau uku ya ce, "Kai, wannan gashi!" ya yi shiru, to ka ji saƙo. Da wannan aka zauna lafiya, ba a taɓa dambe a barga ba.

Kowace shekara bayan kaka ana yin nunin dabbobi a babban gari, shanu da raguna da dawaki, amma shekara arba'in ba a taɓa ware wa kuru fili ba. Sai shekarar da ciwon yanar ido ya makantar da Malam Nomau, ciwo kuma ya shiga barga ya share masa ita, sannan aka ce an buɗe layin kuru. Haka duniya take, sai haƙori ya zube take kawo nama. Abin da ya rage masa tsohuwar goɗiya guda da ɗanta namiji, kuma duk kewayen babu wani kuru. Aka haɗa ta da ɗan nata. Kafin ta haihu shi ma ya bi sauran.

Wata Talata da hantsi goɗiyar ta haihu da ƙyar, ba ta ga azahar ba. Aka jawo tsohon, ya tsuguna ya shafa ɗan dukushin tun daga hanci har wutsiya, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce alhamdulillahi, bai ƙara ba. Masu dawaki suka yi ta zuwa barka. Kowa ya zagaya sau uku sai ya yaba gashi, don gaskiya gashin kam akwai shi, fatsi-fatsi yana sheƙi. Tsohon ya ce tunda haka ne sunansa Ruwan Zuma.

Ran nan ya tara 'ya'yansa uku: Jatau babba, dillalin dawaki, Cindo, maƙeri mai yankan kofato, da ƙanwarsu Lantana, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ya ce musu shi abu ɗaya ya rage masa, ya ji an kira sunan dokinsa a lasifika a filin nuni kafin a kira nasa a makara. Wanda ya kai Ruwan Zuma wurin, ragama tasa ce. Ya yi shiru kamar mai jiran amsa. Su ukun suka kalli juna, suka kalli dukushin, suka ce Allah ya nuna mana.

Lantana ce ta fara. Ɗan dokin muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, ko da uwarsa na da rai ba zai iya kama nono ba. Ta ɗauko butar shayi ta ɗaura roba a bakinta, ta riƙa tatsar awakinta biyar tana ɗura masa kaɗan-kaɗan, ba dare ba rana, don in ta yi sauri sai nonon ya fito ta hanci. 'Ya'yan awakin da aka ƙwace wa nono uku suka mutu. Ta kife kaskon wainar da take ci da kanta da shi. Da haƙora suka fito ba su haɗu ba, bai iya tsinke ciyawa, sai ta koma jiƙa dusa da yankakkiyar harawa tana tura masa da hannu, har wata rana ya datse mata babban yatsa ya warke a karkace. Mijinta ya riƙa cewa a majalisa shi ya yi aure, doki ya tare. Ba don Lantana ba, da Ruwan Zuma bai kwana uku a duniya ba.

Sai Cindo. Ƙafafun gaba sun buɗe kamar bakan mafarauci, kofatan suna naɗewa ciki, dukushin a kan gefen ƙafa yake tsayawa, taku biyu ya faɗi. Cindo ya tsaga gora ya ɗaure masa karan ɗori da robar taya, ya yanko wata tayar ya yi masa 'yan takalma, kowane bai kai bakin kofin shayi ba. Duk bayan kwana goma sai ya durƙusa ya fere kofaton, gefe guda ya rage, gefe guda ya bari. Ana cikin haka masu wasan ƙwallon dawaki a birni suka aiko yana da aiki a bargarsu, da ɗaki da komai, aikin da ya shekara bakwai yana nema. Ya lissafa kwana goman nan, ya ce su yi haƙuri. Suka ɗauki wani. A wata na goma sha huɗu Ruwan Zuma ya zagaya barga da ƙafarsa, yana numfashi kamar zugazugi mai huji. Ba don Cindo ba, da a kwance zai ƙare, kuma ba a kai doki nuni a cikin baro.

Jatau kuwa tun ranar farko ya gani, don shi ido ne sana'arsa. Shekara ashirin a kasuwar dawaki ba a taɓa dawo masa da doki ba. In ya ce lafiyayye ne, mai saye ko baki ba ya buɗawa. Ranar barka shi ma ya zagaya sau uku, ya ce, "Baba, gashi kam sai hamdala." Uban ya ce haka kowa yake faɗa.

Da nuni ya matso, a shekara ta biyu, su ukun suka tsaya bayan rumbu suna tura wa juna. Lantana ta ce, "Yaya, kai ne mai ido, ka gaya masa mana." Jatau ya ce shi ya tsaya gaban turken ubansa ya kushe masa doki, makaho kuma? Ita da take sa masa abinci a baki ai ta fi kowa sanin yadda bakin yake. Cindo ya ce shi ƙafa aka ba shi, ba a ba shi baki ba. Aka watse kowa yana jin haushin sauran.

To dokar nunin ita ce ba a shigar da doki fili sai wani sanannen dillali ya sa hannu ya shaida lafiyarsa. Duk dillalan da aka nema suka yaba gashi suka ce biro ba ya rubutu. Jatau ya ɗauki takardar ya riƙe ta kwana biyu a aljihu. Ya san abin da zai biyo baya, ba wanda ya kai shi sani. Ya sa hannu. Ba don Jatau ba, da daga bakin ƙofa za a juyo da su.

Ranar nuni aka wanke Ruwan Zuma, aka taje masa geza, aka sa masa tsohuwar ragama bayan Cindo ya ƙara mata huji uku. Aka zaunar da tsohon a layin gaba da babbar rigarsa. Can sai lasifika ta ce lamba goma sha bakwai, Ruwan Zuma, na Malam Nomau Mai-Kuru daga Kwarin Gawo. Lantana ta kalli fuskar uban ta ga ko gezau.

Alƙaliyar wata likitar dabbobi ce baƙuwa, ba ta san Kwarin Gawo ba balle al'adarsu. Ta dafa sandar awo a kafaɗarsa, kamu ɗaya da taƙi. Ta ɗaga leɓensa ta duba haƙora. Ta bi goshin da hannu, ta bi doron bayan, ta ɗaga kofato ta ga takalmin taya, ta tambayi wanda ya yi, ta ce aikin ya yi kyau. Ta sa aka ja shi da sassarfa, bai yi taku ashirin ba ya tsaya yana huci. Sai ta zo ta rusuna gaban tsohon, cikin ladabi ƙwarai, ta manta abin maganar lasifika yana maƙale a wuyanta.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba kuru ba ne, wada ne. An kula da shi sosai, amma ba na nuni ba ne, kuma kada a bari ya hau goɗiya. Wa ya shaide shi?"

Jatau ya ɗaga hannu. Sai wani daga cikin dillalai ya ce, "Amma fa likita, akwai gashi." Dariyar da aka yi har masu raguna suka baro layinsu. Daga ranar ko jaki Jatau ya ce lafiyayye ne sai an buɗe bakinsa an duba, ƙarshe ya bar kasuwar ya koma dakon harawa.

Suka kamo hanyar dawowa a bayan a-kori-kura, har aka wuce gada. Lantana ta fara ba uban haƙuri, tana cewa likitocin zamani ba su san kuru ba. Ya ce, "Uwata, ya isa. Idona ne ya mutu, tafin hannuna yana nan. Tun ranar da ya faɗo na taɓa goshinsa na sani."

Cindo ya ce to don me ya sa su wannan wahala?

Tsohon ya ce ranar da ya faɗi maganar ragama ya yi shiru ne yana jira. Ya zaci ɗayansu zai ja shi bayan rumbu, nesa da turke inda al'ada ba ta hana ba, ya ce Baba wannan ba na nuni ba ne, kamar yadda ake gaya wa mai doki. Da ya ji shiru sai ya ce bari ya ga iyakarta, shi ma girman kai ya hana shi janyewa. "Shekara biyu kuna lallashina kamar yaro mai zazzaɓi. Yarinyar nan baƙuwa ita kaɗai ta yi mini magana kamar har yanzu ni Mai-Kuru ne."

Bai ƙara ta da zancen ba. Suka yi ta jira ya ce ga mai ragama, bai ce ba. Kafin ruwan farko ya sauka ya rasu. Malamai suka zo suka raba gona da gida kowa ya sami abin da Allah ya yanka masa, amma da aka zo kan ragama suka ce wannan alkawari ne, kuma fata guda ba ta yankuwa uku. Wanda ya ɗauka kuma da dokin zai ɗauka, da dusarsa da kofatonsa, da sunan da yanzu in an ambata a kasuwa sai wani ya ce akwai gashi.

Ragamar tana nan rataye a turke. Ruwan Zuma yana ƙarƙashinta yana huci. Lantana tana zuwa da safe, Cindo duk kwana goma, Jatau yana sauke harawa ya juya, kuma suna auna lokaci don kada su haɗu. Kowannensu ya ce shi ya kai dokin fili, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Kada wani ya ce mini tsohon ne da laifi, wannan mun sani, kuma ya tafi inda ba ma iya kai masa ƙara. Lantana ta ba dokin rai ta rasa sana'a da yatsa. Cindo ya ba shi ƙafa ya rasa aikin da ya shekara bakwai yana nema. Jatau ya ba shi ƙofa ya rasa sunansa. Su ukun kuma suka hana ubansu kalma guda da yake jira. To, ku da kuka iya gardama, wane ne a cikinsu zai miƙa hannu ya sauke ragamar nan?