Motar da Allura Ya Ɗinke wa Hanci

Akwai wani mai ɗinkin kujerun mota da sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin makanikai. Kowa Allura yake ce masa. Siriri ne, dogo, ga baki mai tsini. In ya ɗinka maka kujera, sai ka ji kunyar zama a kanta da wandon aiki. Shi ma ya san da haka, shi ya sa ba a gaya masa magana.

Shekara ashirin yana shiga motocin mutane ta ƙofar baya. Ya kwance kujera, ya feɗe ta, ya sa sabon soso, ya ja fata ta kwanta lumui. Mai mota ya zo ya shafa, ya yaba, ya tafi. Allura ya tsaya da almakashi a hannu yana kallon bayan motar har ta sha kwana.

In aiki ya lafa da rana, sai ya kwanta a kan wata tsohuwar kujera a ƙarƙashin rumfarsa, ya lumshe ido. Mafarkin kullum ɗaya ne. Wata ƙatuwar jif tana tafiya a kan doguwar hanya, shi ne a sitiyari, mahaifinsa yana baya ya harɗe ƙafa.

Mahaifin nan, Baba Direba, shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa wani babban mutum. Duk ƙarshen wata yakan kai shi wani wurin shaƙatawa a bakin tafki, can bayan tsaunuka. Ya sauke shi a ƙofa, ya koma wajen ajiye motoci ya jira. Ruwan, ta tsakanin bishiyoyi kawai yake hango shi, ɗan siririn haske. Bai taɓa isa bakinsa ba.

Yanzu idon Baba yana ja da baya. Da rana yana gani dishi-dishi, rana na faɗuwa shi ke nan. Likita kuma bai ɓoye ba, ya ce ɗan abin da ya rage ma ba zai daɗe ba.

Wata rana Baba ya ce, “Ni dai da zan ga ruwan nan gaba ɗayansa, ko sau ɗaya.”

Allura ya bugi ƙirji. “Baba, a motata zan kai ka. Kuma a baya za ka zauna.”

Matarsa ta ce, “Maigida, mu ɗauki tasi mana gobe-goben nan. Idon Baba ba zai jira ka ba.”

“Tasi? Uban Allura a tasi? Ke dai kawo ruwa in sha.”

Haka aka yi ta ja har abin da yake tarawa ya kai. Ya nufi wurin dillalan motoci, yana shiga ya gan ta can ƙarshen layi. Fara ce mai ɗan ƙyalli, ƙatuwa, ta hannu ce amma ta sha gata a wajen mai ita na farko. Dillalin ya ce haibirid ce, wato fetur da lantarki take haɗawa, wani lokaci inji ya ja ta, wani lokaci batir.

Allura ya shiga ya zauna. Dillali ya danna madanni. Shiru.

“Tayar da ita mana.”

“Ai a tashe take, yallaɓai.”

“Kai, kar ka raina min hankali. Shekara ashirin ina cikin motoci.”

“Saki birki ka gani.”

Ya saki. Motar ta zame gaba kamar jirgin ruwa, ba ƙara, ba girgiza. Bishiyoyin bakin titi suka riƙa wucewa a hankali. Allura ya ji kamar har yanzu yana kwance a ƙarƙashin rumfa ne, bai farka ba. Sai da ya mintsini cinyarsa.

Ranar da ya kawo ta layi, ya hango maƙwabcinsa, mai gyaran wayoyin mota da ake kira Fiyus, ya tsuguna a tsakiyar hanya yana shan shayi. Allura ya lallaɓo da jif har bamba ta kusa taɓa ƙeyarsa, sannan ya danna hon. Kofi ya yi sama, Fiyus ya yi gabas, takalminsa ɗaya ya yi yamma. Ni kaina mai ba ku labarin nan, duk tsokanata, ranar na sara wa Allura.

Matsalar motar ɗaya ce a idon Allura: kujerunta sun ɗan tsattsage. Ya ce ubansa ba zai zauna a kan ɗinkin wani ba.

Matarsa ta dafe kai. “Sai kuma yaushe?”

“Sati ɗaya.”

Sati uku ya yi. Ya samo fata ruwan madara, mai laushi kamar kuncin jariri. Ya yi mata ɗinki mai gida-gida da zare ruwan ƙasa, kowane layi ya miƙe kamar da ma'auni aka haife shi. Bai taɓa aiki irin wannan ba, ko ga manyan da ya yi wa.

Sai dai a gefen kujerar baya, can ƙasa kusa da ƙofa, akwai wata 'yar taga ta baƙar roba mai raga-raga. Allura ya dube ta, ta dube shi. Ya ce wannan muni ba zai zauna kusa da ƙafar Baba ba. Ya yanko soso ya toshe ta, ya shafa gam, ya ja fata ya rufe, ya bi da ɗinki mafi kyau a duk motar.

Fiyus ya leƙo yana goge hannu. “Allura, ina 'yar tagar da ke nan?”

“Na yi mata sutura.”

“Kai, ba a rufe wannan. Ai ita ce…”

“Fiyus, ka taɓa ganin na zo ina koya maka jar waya da baƙar waya?”

“Tsaya ka ji mana.”

Allura ya taka keken ɗinkinsa, drrrr, har maganar ta nutse. Fiyus ya girgiza kai ya koma rumfarsa.

Ranar tafiya, da safe aka shirya fita, amma Allura ya tsaya goge taya da fesa turare har rana ta take. Baba ya sa rigarsa mafi kyau. Ya nufi ƙofar direba da kansa, sai da surukarsa ta riƙo hannunsa tana dariya ta kai shi baya.

Suka bar gari. Hanya ta miƙe, gonaki suka buɗe dama da hagu, gizagizai suna bin su a hankali kamar su ma an gayyace su. Baba bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ɗora su a gwiwa, ya ɗauke, ya shafa fata, ya mayar. Duk kwanar da aka zo sai ƙafarsa ta danna birkin da babu.

“Baba, huta mana,” in ji surukarsa. “Yau kai ne babban mutum.”

“'Yata, ashe aiki ne mai wuya. Ba abin da mutum yake yi sai tunani.”

Allura ya dube shi ta madubi, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa. Abin da ya shekara ashirin yana gani da ido a rufe, ga shi da ido a buɗe.

Da suka fara hawan tsauni, Baba ya karkata kai, ya kasa kunne.

“Yaro, motar nan haki take yi.”

“Baba, wannan ba ta san haki ba. Ba irin taku ba ce da sai an tura.”

“Ni dai ina jin wata fanka a ƙarƙashina tana kuka, kamar an toshe mata baki.”

“Kunnenka ne, Baba.”

Ya ƙara sautin rediyo.

Ba su yi nisa ba wata jar fitila ta kama a gabansa. Ya taka totur, motar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta rage gudu, ta ƙara ragewa, har wani mai keke ya wuce su yana waiwaye. Da ƙyar Allura ya ja ta gefen hanya.

Ya fita ya buɗe gaba. Murfin roba, da wasu kaurin wayoyi ruwan lemo. Ya tsaya yana kallonsu da hannu a ƙugu, kamar mai karanta wasiƙa da harshen da bai sani ba.

“Kira Fiyus,” in ji matarsa.

“Allah ya kiyaye. Ya yi min dariya har shekara?”

“To dubi rana.”

Ya duba. Ta karkata sosai, inuwar motar ta tsallake titi. Tafkin yana bayan tsauni, da sauran tafiya.

Baba ya sauke gilashi. Ya ɗaga tafin hannu saitin rana yana auna ta, sannan ya yi ɗan murmushi.

“Ba komai, yaro. In ta tashi mu juya gida. Ni ai na saba jira a gefen hanya.”

Maganar nan ta shige Allura har ƙashi. Ya tuna tasin da ya ƙi, da sati ukun da ya ci a kan fata, da safiyar da ya ɓata a kan taya. Ya ciro waya.

“Wa ke magana?” in ji Fiyus. “Ko dai sarkin fata ne? Ba na ji sosai, kamar ƙarar keken ɗinki nake ji.”

“Fiyus, don girman Allah. Baba yana cikin mota, rana za ta faɗi.”

Nan take dariyar ta ɗauke.

“To saurara. Babban batir ɗinta a ƙarƙashin kujerar baya yake. Zafi yake yi in ana hawa, kuma ta 'yar tagar nan yake shan iska. Hancinta ka ɗinke. Buɗe shi, ka bar ta a kunne, ka sa esi ya yi sanyi, ka ba ta lokaci. In rabonku ne za ta yafe maka.”

Allura ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa a gefen ƙafar mahaifinsa. Ga ɗinkin nan, layi-layi, yana sheƙi a hasken yamma. In zai warware shi zare-zare yadda ya dace, ga gam, sai ya kai awa biyu.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro rezar da ba ya rabuwa da ita.

Ya tsarga. Ƙiiit. Ya sake tsargawa, ya sa yatsu ya yage, ya tono soson yana watsarwa a titi. Baƙar tagar ta bayyana da muninta, fatar tana reto a gefenta.

Baba ya sunkuya ya lalubo wurin, ya ɗora tafin hannu.

“Yauwa. Ga ta tana ja. Ka ji? Kukan ma ya sauya.”

Suka zauna a ciki, sanyi yana zagayawa. Allura bai kalli fatar ba ko sau ɗaya. Idonsa yana kan jar fitila, yana kan rana, yana kan jar fitila. Matarsa tana ta addu'a ƙasa-ƙasa.

Can fitilar ta mutu.

Ya taka a hankali, motar ta amsa. Suka haye tsaunin kamar masu ɗauke da ƙwai. Daga sama sai gangara, inji ya yi shiru gaba ɗaya, batir ya karɓa. Allura ya sauke gilasai. Ba abin da ake ji sai iska da tsuntsaye masu komawa gida.

Da suka isa wurin shaƙatawar, mai gadi ya buɗe ƙofa. Suka wuce wajen ajiye motoci ba su tsaya ba, suka ratsa bishiyoyin, har inda hanya ta ƙare.

Rana saura ƙiris ta taɓa ruwa. Tafkin duka ya kama ja da ruwan zinariya, daga ƙafarsu har inda ƙasa ta haɗu da sama. Allura ya riƙe hannun Baba suka taka zuwa baki. Tsohon ya tsaya, ya juya kai dama a hankali, ya juyo hagu, bakinsa a ɗan buɗe.

“Ashe haka yake da faɗi,” ya ce. “Ni duk zatona ɗan kogi ne.”

Wani kwalekwale ya ratsa hasken, Baba ya nuna shi da yatsa kafin kowa ya nuna masa. Ya tsaya nan yana kallo har jan ya koma toka-toka.

“To, ya tafi,” ya ce. “Amma na gan shi.”

Allura ya sunkuyar da kai. “Baba, ka yafe min. Na ɓata maka lokaci.”

Baba ya lalubo kunnensa ya ja, kamar yana ɗan shekara bakwai.

“Da ka ƙara minti goma kana tausayin fatar nan, da yanzu labarin ruwan kake ba ni. Mu je gida, direba. Kuma ka tafi a hankali.”

Darasi: Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka san ta kowa ba. In wanda ya san abu ya buɗe baki, kashe kekenka ka saurara, ko da maƙwabcin da kake tsokana ne. Kuma alherin da za ka yi wa iyaye, yi shi yau da abin da ke hannunka, kar ka tsaya ƙawata shi har lokaci ya wuce. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wannan abokin naku da ba a gaya masa magana. Kun san shi. In kuma ba ku san shi ba, to ku ne.