Manajan da Ya Koma Ɗaukar Awo

Akwai wani kamfani da ya yi wa teloli manhajar ajiye awon kwastomomi a waya. Mai kula da rumbun bayanansu wata bazawara ce, ana ce mata Maman Biyu. Shekara tara tana cikin ɗakin nan mai sanyi da ƙugin na'urori, ko awon wuyan riga ɗaya bai taɓa salwanta a hannunta ba.

Manhajar tana aiki ne cikin abin da suke kira kwantena. Kamar rumfar haya take: a rushe ta yau a kafa sabuwa fes, duk abin da ka bari a ciki ya bi ruwa. Shi ya sa Maman Biyu take ajiye awon a rumbu daban, kwafi uku.

Sai mai kamfanin ya ɗauko ɗan ƙanwarsa ya naɗa shi manaja. Da zuwansa ya ce rumbun ne ke sa manhaja tafiyar hawainiya, a bar komai cikin kwantena. Maman Biyu ta ce masa kwantena ba ta riƙe amana. Ya kalle ta a gaban ma'aikata ya ce, "Baba tsohuwa, ke da kika koyi kwamfuta tun tana da ƙusumbi, me za ki gaya min?"

Aka kwashe da dariya. Ya sa aka koma ajiye awo cikin kwantena, ya mayar da ita teburin amsa waya. Ta kulle rumbunta, ta ɗauki jakarta, ta haɗiye abin ya zauna mata a ƙahon zuci.

Sati uku cif, ran wata Litinin da safe, aka sabunta kwantenoni. Teloli suka buɗe waya, wayam. Wani ya shimfiɗa yadin mutane, almakashi a hannu, babu awo. Waya ta dinga ruri, ita kuwa duk wanda ya kira da zagi sai ta ce cikin ladabi bari ta haɗa shi da Manaja.

Kafin azahar mai kamfanin ya iso teburinta yana share gumi. Ta ce tsohon awo yana nan lafiya a rumbu, amma na sati ukun nan, mutum ɗari shida, ya tafi har abada. Za ta buɗe rumbu bisa sharaɗi: a mayar mata da ɗakinta, makulli a hannunta ita kaɗai, kuma Manaja ya rataya tef ya bi shago-shago ya sake auna mutanen da hannunsa.

Manaja ya ce, "Kawu, ai sai a ɗauki 'yan aiki."

Kawun ya roƙe ta ta sassauta, ƙuruciya ce. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ciniki na zo ba. In ya yi tsada, a tambayi kwantena."

Wata biyu Manaja yana durƙusawa gaban ƙartai yana auna tsawon wando, teloli na yi masa tsawa ya riƙe tef daidai. Duk awon da ya turo, ita ke dubawa. Guda tamanin ta mayar masa, ta ce ya koma ya sake.

Darasi: Kada ka raina wanda ke riƙe da ajiyarka don ka ga aikinsa ba ya ƙara, ranar da ka neme shi, shi zai yanka farashi. Ku tura wa duk wani sabon shugaba da kuka sani, ya karanta tun kafin a rataya masa tef.