Sanda Mai Ɗingishi da Zoben Alli

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa sassaƙa sandunan sinuka. Na san wasunku sun fi ni sanin sinuka, ko da yake a gaban iyayenku za ku ce ba ku taɓa ganin teburin ba. Ga wanda bai sani ba da gaske, wasa ne na kan tebur, sandarsa doguwa ce siririya, da ita ake zungurar ƙwallo ta faɗa rami. In sandar ta karkace ko kaɗan, sai ka nufi gabas ƙwallo ta tafi arewa.

Mutumin nan yana da inji. A kan injin akwai wani ƙarfe mai juyawa, shi ke kama bakin itace yana juya shi, mai sana'a kuma ya sa wuƙar sassaƙa yana fere itacen har ya zama sanda. Ƙarfen nan yana zaune ne cikin boris, zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe irin na ƙafar keke. Ba a ganin boris daga waje, a rufe yake cikin kan injin.

In ya gama sanda, yakan kwantar da ita a kan tebur ya mirgina ta. Mai kyau takan tafi sumul, ba ko motsi. Haka nasa suke shekara da shekaru, har ya yi suna a garin.

Wata rana injin ya fara wani ɗan kuka siriri. Mutumin ya ɗebo giris ya cusa masa, kukan ya tsaya. Ya ce, "Mun gode Allah," ya ci gaba da aiki. Duk sa'ad da kukan ya dawo, sai ya ƙara giris.

Ana nan, ya gama wata sanda, ya mirgina ta, sai ga ta tana tafiya tana ɗaga kai tana saukewa. Ya tsuguna, ya sa idonsa daidai da tebur, ya sake mirginawa. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! Sanda ba ta da ƙafa, ina ta samo ɗingishi?"

Shi kuwa mutum ne mai son bin diddigi, ba ya barin tambaya ta kwana. Ya ce lalle itacen ɗanye ne, ya nemo busasshe. Sandar ta fito da ɗingishinta. Ya ce wuƙa ce ta dakushe, ya wasa ta har tana aske gashin hannu. Ɗingishi na nan. Ya ce ai teburin gwajin ne ya lanƙwashe, ya je ya aro madubin wanzami ya mirgina sanda a kai, wanzami na tsaye yana addu'a kada a fasa masa. Ya zargi wutar lantarki, ya zargi damina. Kowane zargi kuwa sai ya ci masa itace guda, har tarin itacensa ya ƙare. Saura ɗaya tak, wani tsohon maɗaci da mahaifinsa ya ajiye a rufin ɗaki tun yana da rai.

Sai mai teburin sinuka, wanda shi ne babban mai sayensa, ya zo ya same shi. Ya ce, "Abokina, gaskiya ɗaya ce. Samari sun sa wa sandunanka suna, wai gurguwa. Ba na so mu rabu, amma ka kawo mini guda ɗaya miƙaƙƙiya. In ta gagara, sai in koma sayen na kanti."

Abin ya yi wa mutumin nan ciwo ƙwarai, gama ya san in wannan ya tafi, sauran ma za su bi shi. Ya sauko da maɗacin mahaifinsa, ya share ƙurarsa, ya ɗaura shi a inji.

To, mahaifiyarsa tsohuwa takan zauna a bakin rumfar aikinsa tana kaɗin auduga, da mazarinta da ɗan allin da take shafa wa yatsu. Da ta ga ya kai hannu zai kunna, sai ta ce, "Ɗan nan, ba itacen babanka ne wannan ba?"

Ya ce, "Shi ne, Inna. Shi kaɗai ya rage."

Ta ce, "Kwanakin baya ina jin injin nan yana kuka. Me ka yi masa ya daina?"

Ya ce, "Giris na ba shi."

Ta ce, "Af. Na ɗauka tambayarsa ka yi abin da ke damunsa." Ta koma kan kaɗinta.

Mutumin ya janye hannunsa. Ya tsaya yana duban injin kamar yau ya fara ganinsa. Ya binciki itace, da wuƙa, da tebur, har da ruwan sama, amma abin da ke riƙe da itacen yana juya shi, bai taɓa tambayarsa ba. Ya kwance maɗacin ya ajiye gefe, ya kunna inji ba kome a kai. A ido, ƙarfen yana juyawa daidai, lafiya lau.

Sai ya ce, "Inna, ara mini allinki."

Ya kafa hannunsa a jikin inji don kada ya motsa, ya matso da allin a hankali, a hankali, har ya ɗan shafi ƙarfen. Ya kashe inji ya duba. Da ƙarfen yana juyawa a tsakiyarsa, da allin ya zana masa zobe cikakke. Amma ga farin layi a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa alli bai ko taɓa shi ba. Ashe ƙarfen rawa yake yi, rawar da ba ta fi kaurin gashi ba. Ita ce take bin itace har ta zama ɗingishi a tsinin sanda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kwance kan injin, ya tone giris baƙi ƙirin, ya tarar da boris ya cinye, ƙwallayensa sun yi ramuka. Duk da haka ya ji tausayinsa, gama sun daɗe tare. Ya wanke shi da kananzir har yana ƙyalli, ya mayar, ya sa alli. Rabin zobe ya sake fitowa.

Sa'an nan ya haƙura. Ya fitar da tsohon boris ya yar, ya je ya sayo sabo, ya zaunar da shi a hankali. Rumfar ta yi kwanaki ba aiki, har masu wucewa suna cewa ya karye. Da ya gama, ya sa alli. Farin layi ya zagaya ƙarfen, bakinsa ya haɗu da bakinsa.

A ranar ya fere maɗacin mahaifinsa. Ya kai wa mai tebur, ya mirgina sandar a gaban samarin nan. Ta tafi sumul daga wannan gefe zuwa wancan.

Ma'anar wannan misali ita ce: sanduna su ne maganganunmu da ayyukanmu, abin da mutane ke gani yana fitowa daga gare mu. Boris ita ce zuciya, wadda take a rufe, amma a kanta kome yake juyawa. In magana ta fito a karkace, mukan ce wane ne ya tsokane ni, ko yunwa nake ji, ko ai haka gidanmu suke. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kukan inji shi ne 'yar muryar nan da kan dame ka bayan ka yi ƙarya, ko ka wulakanta wani. Giris kuwa shi ne duk abin da muke cusa mata don ta yi shiru. Wani dariya ce girisinsa, wani yawan hidima, wani ma waƙa ce mai daɗi a gaban jama'a. Giris yana rufe bakin boris, ba ya warkar da shi.

Alli shi ne Maganar Allah. Ku lura, allin bai gyara inji ba, nuna wa mutumin gaskiya kawai ya yi. Wankin kananzir kuwa shi ne alkawarin nan namu na "daga yau na daina", wanda ba ya kai Laraba. Zuciyar da ta cinye ba wanki take bukata ba, sabuwa take bukata, Ubangiji ne kuwa yake bayarwa ga wanda ya yarda a buɗe shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne maɗacin. Kowannenku yana da abin da ba shi da na biyunsa: amanar iyayenka, ko abokin da ya yarda da kai, ko ranka kansa. Mutumin nan saura ƙiris ya kunna injin. Kafin ka ɗaura naka itacen, ka janye hannunka, ka ce, "Ya Ubangiji, ga ni, sa mini alli."