Abin da Aka Ɓoye wa Falalu

Akwai wani dillalin albasa a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, Falalu, mutum mai zargi, ko sallama aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Rannan 'yarsa Rahinatu, mai shekara goma sha ɗaya, ta kawo takarda daga makaranta: za a yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, kyauta, uba ya sa hannu.

"Kyauta?" in ji Falalu. "A garin da ko ruwan leda sai ka saya? Kuma mata kaɗai? Haihuwa suke so su tsayar mana."

Ya cusa takardar a aljihu, ya kafa doka: ranar allura ba makaranta.

Labari ya kai kunnen Inna Tani, ƙanwar mahaifiyarsa. Ta hau okada ta same shi a rumfa.

"Inna, barka da zuwa."

"Riƙe gaisuwarka. Me ya kashe uwarka?"

"Ciwon ciki."

"Haka muka ce maka."

Falalu ya saki bakin buhun da yake ɗaurewa.

"Wata tara tana zubar da jini. Ni nake wanke zannuwanta a bayan ɗaki, ina turara wajen kafin ka shigo gaishe ta. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma mun makara. Ta ce kada ɗanta ya ji, kunya take ji. Na rufe bakina shekara ashirin."

Ya ƙura mata ido. "Inna, ko ke ma sun aiko ki ne?"

"Sun aiko ni, ɗan nema! Kabarin Yaya ne ya aiko ni."

Ta kakkaɓe mayafinta ta yi gaba.

Ranar allura Falalu da kansa ya riƙo hannun Rahinatu zuwa makaranta. Sai da ya sa ma'aikaciyar jinya ta buɗe kwalbar a gabansa, ya yi mata tambaya ta kai goma. Ta amsa duka. Sannan ya dangwala yatsa a takardar, ya kau da kai yana share ido.

Darasi: Zargi ba laifi ba ne, amma ka kai shi gaban masani, kada ka kwana da shi. Mu kuma mata, mu daina rufe cuta da zane. Ku tura wa duk mai 'ya mace.