Bajimin Surukin Ardo Yero

An ce a wata ruga an yi wani Ardo, Yero, mai shanu saba'in, rabinsu da ciki. Ran nan surukinsa ya aiko masa da kyautar bajimi fari, tozo kamar tulu. Ardo ya ce a kwance shi cikin garke nan take.

To, akwai wani Carki, tsuntsun nan mai cire wa shanu kaska, wanda ya tsufa a bayan shanun Ardo. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, a ware baƙon nan wata guda tukuna."

Ardo ya ce, "In ware kyautar surukina kamar mai ƙazuwa? Da wane ido zan dube shi?"

Carki ya ce, "Haka Ja'e ya ce."

"Wane ne Ja'e?"

Carki ya gyara tsayuwa ya ce:

Ja'e makiyayi ne a gabas. Amininsa ya ba shi aron bajimi don barbara, lafiyayye, gashi na sheƙi. Tsohuwarsa, Inna Dudu, ta ce a ɗaure shi gefe. Ja'e ya ce, "Haba Inna, aminina fa!" Ta ce, "Zauna ka ji labarin Talle.

"Talle ƙawarta ta kawo mata mudun wake, ƙwaya sumul. Ta so ta shanya, amma ƙawar na zaune tana kallo. Kunya ta sa ta juye shi cikin rumbu tana godiya. Ashe ƙwaro ya yi ƙwai a cikinsa. Da shuka ta zo, ta buɗe rumbu ta tarar da gari. Kunyar yini ɗaya ta ci abincin shekara."

Ja'e ya yi dariya ya ce, "Inna, bajimi ba wake ba ne." Ya sake shi cikin shanunsa. Suka sha a kwami ɗaya, suka lashi kanwa ɗaya, ya hau wadda ya hau. Kafin damina, shanu tara sun yi ɓari, maruƙan da aka haifa ba sa iya tsayuwa. Likitan dabbobi ya ɗebi jini, ya ce bajimin da ƙwayar wata cuta aka haife shi, shi ba ta kayar da shi, rabawa kawai yake yi. Irin wadda allurar magani ba ta kashewa, sai dai rigakafi.

Carki ya ce, "Ranka ya daɗe, amincin ma bai tsira ba. Yanzu ko gaisawa ba sa yi."

Ardo ya ja gemu ya ce, "To surukina fa?"

Carki ya ce, "Babban baƙo ana haɗa shi ɗaki da yara ne?"

Ardo ya tuntsire da dariya. Ya sa aka yi wa bajimi shinge nasa, da kwaminsa da kanwarsa. Ya aika a kira likita ya ɗebi jininsa, ya yi wa garke rigakafi. Ya kuma aika wa suruki cewa kyauta irin wannan ta fi ƙarfin kwana cikin gayya.

Carki ya buɗe fiffike zai koma kan shanu, sai Ardo ya ce, "Tsaya, Malam. Ɗazu ba a kan tozon baƙon na gan ka ba?"

Carki ya naɗe fiffikensa.

Ardo ya ce, "To, kai ma shiga shingen, ka taya shi hira wata guda."