Ranar da Jimrau Ya Ɗaure Wa Jirginsa Baki

Akwai wani mutum a Dakoro, ana ce masa Jimrau, wanda ya wayi gari yana shaida wa duk mai kunne cewa tun da aka haƙa rijiyar farko a garin nan ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi ba. Ya faɗa wa mai shayi. Ya faɗa wa mai faci. Har wani baƙo da ya zo daga Korahane neman maganin shanu sai da ya riƙe masa kan babur, bai sake shi ba sai da ya ji ƙarshen zancen.

Ni kaina da farko na tausaya masa. Kun san ni da taushin zuciya, shi ya sa kullum ake cutata a shafin nan.

To me aka yi masa? An ce jirginsa yana tusa.

Ku dakata da dariyar, bari in koma baya.

Jimrau ɗan maƙera ne, amma bai zauna a maƙera ba. Kamyo, babbar motar kaya, ya tuƙa tsawon ƙuruciyarsa, daga Maraɗi har bakin teku. A wata tafiya ya ga tsohon kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi an jingine shi, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙafafunsa. Abin ya shige masa rai bai fita ba. Da ya ajiye tuƙi ya dawo gida, sai ya ce shi ma zai ƙera nasa ƙarami, a garin da ko taki ɗaya na titin jirgi babu.

Kuma ya ƙera. Tsohon butelin gas, wato tulun ƙarfen nan, ya zama tukunyar ruwa. Ƙafafu ya tsinto su a garaji. Agogon da ke nuna ƙarfin tururi daga injin iskar mai faci ya ciro shi, ya ja masa jan layi inda bai kamata allura ta wuce ba. Ya shimfiɗa titi ya kewaye aduwar tsakar gida, har sai da matarsa Shafa'atu ta matsar da turmi da murhu. Jirgin bai fi ɗan maraƙi ba, gawayi yake ci. A bayansa akwai ɗan akwati mai ƙafafu da mutum ɗaya zai zauna, ƙofar wutar na kallon gwiwoyinsa.

A saman tukunyar akwai abin da makanikai ke kira supap, ɗan murfi ne da ke ɗagawa da kansa idan tururi ya yi yawa, ya fitar da rarar. Idan babu shi, tukunyar ba ta da hanyar numfashi, sai ta fashe. Jimrau ya fi kowa sanin haka, da hannunsa ya yi shi. Damuwar ita ce ƙarar da yake yi. Ba fito ba ne, ba shewa ba ce. Wata irin ƙara ce da ko a masallaci aka ji ta sai sahu ya waiwaya.

Ranar gwajin farko Agali yana nan zaune da butar shayinsa. Agali Buzu ne mai sayar da cuku da dabino, kuma kun san tsakanin Buzu da maƙeri: abokan wasa ne, zagi halal, fushi shi ne abin kunya. Tun suna samari Jimrau bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai “Buzu”. Shi kuma Agali sai ya ce masa “Sarkin toka”.

Wuta ta kama, ruwa ya tafasa, supap ya ɗaga ya saki abin da ya saki.

Agali ya ja rawaninsa ya rufe hanci. “Subhanallahi! Sarkin toka, wake ka ba shi?”

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Har Shafa'atu ta shige ɗaki da gudu tana toshe baki. Kafin rana ta faɗi, jirgin da Jimrau ya yi niyyar raɗa wa suna Zakin Dakoro ya zama Mai Tusa a bakin kowa.

Da a ce Jimrau ya rama da wata baƙar magana a kan shayi ko raƙumi, da an tashi lafiya. Amma sai ya yi abin da maƙeri ba ya yi: ya ji haushi da gaske. Har gidan Malam Yazidu, dattijon unguwa, ya kai ƙara.

Malam Yazidu ya dube shi sama da ƙasa. “Jimrau, mi nake ji? Maƙeri ya kawo ƙarar Buzu? Kakanka zai ji kunya a kabari. Tashi ka je ka rama.”

“Zan rama, Baba,” in ji Jimrau. “Wallahi zan rama.”

Agali kuwa ya lura abokinsa ya daina amsa wasa. Bai daina zuwa ba. Kullum ya biyo ya yi sallama, a amsa masa a daƙile, ya zuba shayi, a bar shi ya huce. Wata rana ya zo da murfin wata tsohuwar buta ta tagulla, ya goge shi yana ƙyalli.

“Ga hula na kawo wa jirgi,” ya ce a hankali. “In maganata ta yi zafi, ai ka san bakin Buzu.”

Jimrau ya karɓa. Amma yana juya murfin nan a hannu, sai dabara ta faɗo masa.

Zai tara unguwa. Agali ne zai fara hawa. Kuma jirgin zai kewaye aduwa shiru, ko tari ba zai yi ba, sai a ga wanda zai rufe hanci. Ya ɗauko waya ya naɗe supap tam, ya murɗe ta da awartaki, ya kifa murfin tagullar a kai ya rufe aikinsa. Lissafinsa shi ne muddin jirgi na tafiya, ƙafafu na shanye tururin. Kewaye guda, ya tsayar, ya kwashe wuta. Wa zai sani?

Shafa'atu ta fito da ƙwarya ta tsaya. “Maigida, ba ta nan ka ce yana numfashi ba?”

“Ado ne.”

“Adon da ke rufe hanci?”

“Je ki duba tukunyarki, ki bar mani tawa.”

Ta tafi, amma ta waiwayo.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, gidan ya cika. Mata sun jeru jikin katanga, maza sun kewaye titi, an ajiye wa Malam Yazidu kujera dab da kwanar aduwa. Jimrau ya zuga wutar da zugazugi fiye da yadda ya saba, don yana son gudu. Agali ya iso cikin sabuwar riga mai shuni, doguwa har ƙasa, ya zauna a akwatin kamar wanda za a naɗa.

“Sarkin toka, in na mutu ka gaji raƙumina. Sai dai ba ka iya hawa ba.”

“Riƙe rawaninka, Buzu.”

Jimrau ya buɗe tururi. Jirgi ya motsa, ya ɗauki gudu, hayaƙi na tashi, ba ƙara ko ɗaya sai cak-cak ɗin ƙafafu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Jimrau na biye a gefe yana tafiya ƙirji a gaba, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

A kwanar aduwa, bakin rigar Agali ya zamo ƙasa. Ƙafar jirgi ta kama shi, ta naɗe, ta sake naɗewa. Jirgi ya yi turjiya ya tsaya cik.

Jama'a suka fashe da dariya. Agali ya fi kowa. “Jirgin maƙera ya gaji! A kawo masa fura!”

Jimrau kaɗai bai yi dariya ba. Idonsa na kan agogo. Ƙafafu sun tsaya, tururi ba shi da inda za shi, wutar kuwa tana ci kamar an aiko ta. Allura ta taɓa jan layi.

Ya duba ƙofar wuta. Tana tsakanin gwiwoyin Agali, rigar ta ɗaure shi dab da ita. In ya kwaso garwashi, a kan rigar zai zube.

Samari suka matso za su tura. Malam Yazidu ya miƙo sandarsa yana ƙwanƙwasa tukunyar. “Wanga abu, ƙarfe ne duka?”

“Ku ja baya,” in ji Jimrau. Muryarsa ta fito siririya.

“Kun ji?” Agali ya ce. “Yana tsoron ku ji warin!”

Aka sake kwashewa. Allura ta wuce layin.

Jimrau ya san abin yi. Abin da ya kamata shi ne ya ɗage murfin tagulla, ya tsinke wayar. Amma in ya ɗage, duk unguwa za ta ga abin da ya aikata, a kan mutumin da ya ba shi murfin da hannunsa. Hannunsa ya tashi, ya koma. Watakila rigar ta saki. Watakila ƙarfen ya jure. Ai buteli ne mai kauri.

Sai ya ji wani ɗan ƙis, ƙis. Ya sunkuya. A kan layin waldar da ya yi da kansa, wani ɗigon ruwa ya tsattsafo, yana rawa, yana ƙonewa. Wani ɗigon ya fito kusa da shi.

“Buzu, sauka! Zai fashe!”

“Kai dai ka fashe,” in ji Agali, yana share hawayen dariya. Tsakaninsu ai ba a taɓa faɗin maganar gaske da wannan sunan ba.

Jimrau ya durƙusa ya kama gwiwarsa.

“Agali.”

Dariyar Agali ta tsaya. Ya dubi abokinsa kamar yau ya fara ganinsa.

“Agali, na ɗaure supap da waya. Yana ƙarƙashin murfinka.”

Agali ya dubi murfin, ya dubi agogon. Ya fizgi rigar da ƙarfi, ta ƙi. Sai ya ɗaga murya, ba gaggawa a cikinta: “Jama'a, ku fita. Ku ɗauki Baba Yazidu. Yanzu.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Aka yi zaure da gudu, takalma na zubewa, aka sungumi dattijo da kujerarsa. Mutum ɗaya ce ta keto cikin masu gudu ta nufo jirgin. Shafa'atu ce, awartaki a hannunta. Ta danƙa wa mijinta.

“Fita,” ya ce mata.

“Yi aikinka.”

Ya kaɓar da murfin. Ga waya nan a fili, ya murɗe ta da kyau, don Jimrau ba ya aikin ha'inci ko a wajen ɓarna. Ya kama ta, awartaki ya zame. Ya sake kamawa, gumi ya cika masa ido. Tukunyar ta fara wani gurnani daga ciki, har akwatin da Agali ke zaune yana karkarwa.

“Kada ka yi sauri,” in ji Agali. “Ina nan, ba inda za ni.”

Jimrau ya cije, ya kama wayar daga gindi, ya murɗa da dukan ƙarfinsa.

Ta tsinke.

Jama'a, abin da jirgin nan ya saki a ranar, masu jiran mota a tasha sun rantse sun ji shi. Kaji suka haye katanga. Farin tururi ya turnuƙe aduwa, ya bi ta hannun Jimrau daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Jimrau ya yi ƙara ya faɗi zaune, amma idonsa bai bar agogon ba har sai da ya ga allura tana sauka, tana sauka, ta koma ƙasan jan layi.

Shafa'atu ta yanke bakin rigar da wuƙar girki, aka kwashe wuta, ta tsoma hannun mijinta cikin ruwan randa. Mutane suka fara leƙowa ɗaya ɗaya. Da tsoro ya sake su, sai bakuna suka buɗe.

“Ai rigar Buzun ce ta jawo.”

“Wa ke hawa jirgi da riga har ƙasa?”

Ga hanyar tsira an shimfiɗa wa Jimrau, waɗanda ke baya ba su ji abin da ya faɗa a durƙushe ba. Agali kuwa bai tona masa asiri ba, yana duban yagaggiyar rigarsa.

Jimrau ya miƙe, hannu na ɗigar ruwa. Ya ɗago guntun wayar kowa ya gani.

“Ba rigarsa ba ce. Da supap a sake yake, da jirgi ya tsaya ya yi abin da ya saba, mu yi dariya mu watse. Ni na ɗaure shi, don kada a yi mani dariya. Na bi gari ina cewa an zalunce ni, alhali ba wanda ya taɓa ni. Ni na ɗora abokina a kan wuta.”

Malam Yazidu ya girgiza kai. Kowa na jiran Agali.

Agali ya sunkuya ya ɗauki murfin tagullar daga ƙasa, ya hure masa ƙura. Ya daɗe yana juya shi.

“Sarkin toka,” ya ce, “abu biyu. Na farko, wanga karo ba wake kaɗai ba ne, har da kanwa. Na biyu, kada ka sake kirana da sunana. Ka tsorata ni.”

Jimrau ya buɗe baki zai yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Agali ne ya goya shi a babur zuwa likita, da rigarsa mai guntun baki.

Hannun ya warke, tabon ya zauna. Jimrau ya sake tukunya sabuwa, ya bar supap a buɗe ba hula. A jikin jirgin, da farin fenti, da hannun nan mai tabo, ya rubuta MAI TUSA. Yanzu duk lokacin da ya saki ƙararsa, Jimrau ne ke fara rufe hanci.

Darasi: Wanda ba ya iya jure a yi masa dariya, wata rana zai sa a yi kuka, kuma wanda ya fi kusa da shi ne zai fara ƙonewa. Kada girman kai ya sa ka toshe abin da ke kare ka don kawai ƙararsa ba ta yi maka daɗi ba, ko na'ura ce, ko aboki mai faɗa maka gaskiya cikin wasa. In kuwa ka yi kuskure, faɗe shi tun allura ba ta wuce layi ba. Ku tura wa abokan wasanku, musamman mai saurin fushin nan da kuka tuna tun tsakiyar labari. Kada ku karanta ku wuce shiru kamar yadda kuka saba yi mani.